Sintetik ko man da muka saba: amsa ga Alhaji mai Hilux

Alhaji, ka ce motarka Hilux Vigo ce mai injin dizal 2KD, ta haura kilomita 200,000, kana loda mata masara daga Ejura, wani zubin har Tamale take kaiwa. Kana so ka bar 15W-40 ɗin da makanikinka ya saba zuba maka ka koma sintetik, inji da aksul duka, kuma kai da yaranka za ku yi juyen a ƙofar gida. Sai dai wani a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya sa maka shakka, ya ce sintetik ruwa-ruwa ne, zai sa tsohon inji yoyo, kuma wanda ya shige shi ba ya komawa. Ni ma da a-kori-kura nake neman abincina a kan wannan hanya, kuma na yi amfani da duka biyun. Abin da zan faɗa maka shi ne, kada ka yanke wa inji da aksul hukunci ɗaya. A aksul, sintetik ya fi, babu ja. A inji kuwa sai an zauna an yi lissafi.

Bari mu fara da abin da ke cikin galan ɗin. Man da muka saba, wanda ake rubuta wa minaral, ɗanyen mai ne aka tace, ƙwayoyinsa ba girma ɗaya ba, shi ya sa in zafi ya yi yawa masu rauni a cikinsu sukan ƙone su bar datti. Sintetik kuwa an sarrafa shi har ƙwayoyin suka zo kusan bai ɗaya, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba. Ba sabon abu ba ne, tun 1974 Mobil 1 yake kasuwa. Amma sunan sintetik yana da faɗi. Akwai wanda aka haɗa daga tushe a masana'anta, akwai wanda ake yi da iskar gas kamar Shell Helix Ultra, akwai kuma wanda ɗanyen mai ne aka tace shi tacewa mai tsanani, wanda tun 1999 aka yarda a Amurka a riƙa kiransa sintetik. Duk suna aiki. Wanda aka rubuta wa semi gauraye ne na biyun.

Maganar ruwa-ruwa kuwa, mutumin Magazine ya haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Kaurin mai lamba ce ke faɗarsa, ba sunan sintetik ba. A 15W-40, lambar farko tana nuna yadda mai ke gudana da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne in ya kai digiri 100. Saboda haka 5W-40 na sintetik da 15W-40 na minaral, in inji ya yi zafi kana hawan gangaren Mampong da buhu a baya, ajin kaurinsu ɗaya ne. Bambancin da asuba yake, lokacin da ka murza makulli: 5W ya fi saurin hawa sama ya isa kan inji da turbo. A ƙasashen ƙanƙara wannan babbar magana ce. Mu nan Kumasi, ko da tsakiyar hunturu, sanyinmu bai kai ya daskarar da 15W-40 ba, don haka wannan fa'idar kaɗan ce a wurinmu. Wanda ya ga mai ya yi ruwa-ruwa, galibi 0W-20 ko 5W-20 ya gani, irin wanda ake sayar wa masu Corolla da Camry da aka shigo da su daga Amurka. Wannan kada ya kusanci injinka.

Inda sintetik ke cin kuɗinsa a inji shi ne zafi. Turbo ɗin 2KD yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin salansa ne ke tura shi, mai ne ke sanyaya masa ƙarfen tsakiya. Ka taso daga Kintampo da lodi, ka tsaya Techiman ka kashe mota nan take, man da ya rage a cikin turbo sai ya soyu a wurin. Minaral ya fi saurin zama gawayi a irin wannan hali. Haka nan tsayuwar cunkoso a shataletalen Suame ko Anloga da rana tsaka, inji na aiki, iska ba ta shiga. A nan sintetik ya yi gaba.

To amma ga inda lissafin ke juyawa. Masu sayarwa za su ce maka da sintetik sai ka yi kilomita 10,000 ko 15,000 kafin juye, wai ta nan kuɗinka zai dawo. Wannan magana an yi ta ne don motar da ke bin kwalta mai tsabta. Injin dizal yana zuba kunkunniya a cikin mai, shi ya sa ko yau ka yi juye gobe ka zaro geji za ka gan shi baƙi. Ga ƙurar hunturu, ga jan ƙasar hanyoyin ƙauye inda kake ɗauko masara. Sintetik ba ya narkar da ƙura, ɗaukarta yake yi ya riƙa yawo da ita a cikin inji kamar yadda minaral ke yi. Gaskiya ne dizal ɗinmu ya gyaru, tun 2017 aka rage farar wutar da aka yarda ta kasance a cikin wanda ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 a cikin miliyan, kuma hakan ya rage wa baƙin mai wahala ƙwarai. Duk da haka, mota mai irin aikin taka tana cikin abin da littafin mota ke kira aiki mai tsanani, kuma a wannan aji ana rage tazarar juye ne, ba a ƙara ta. Injinka yana shan kusan lita 7 in an haɗa da filta, wato galan ɗaya ba ya isa, kuma kuɗin sintetik na gaske yakan ninka na minaral ko ya fi. In za ka sayi mai tsada sannan ka ja shi har 15,000 don ka huce kuɗinka, wallahi gara 15W-40 mai kyau da kake juyewa kowace 5,000 da sabuwar filta. In kuwa aljihu zai ɗauki 5W-40 sintetik kana juyewa a 7,000 ko 8,000, wannan ya fi duka. Ni a nan na tsaya da tawa.

Ko wanne ka zaɓa, juya galan ka karanta bayansa kafin ka biya. Harafin S, kamar SN ko SP, na injin fetur ne. Kai harafin C kake nema, CH-4 ko CI-4, ko ka ga an rubuta ACEA A3/B4. Masu sababbin Hilux da aka shigo da su daga Turai, masu matatar hayaƙi da ake kira DPF, su nasu daban ne, mai ƙarancin toka suke buƙata, irin ACEA C2, in ba haka ba matatar ta toshe.

Batun yoyo yana da ƙamshin gaskiya, amma ba yadda aka faɗa maka ba. Sintetik na yanzu ba ya cin sil. Abin da ke faruwa, tsohon injin da ba a kula da juyensa ba, dattin da ya daskare shi ke liƙe bakin sil ɗin da ya riga ya bushe. Mai mai ƙarfin wanki ya zo ya kwashe dattin, sai ɗigon ya bayyana. Kafin ka sauya, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana, da safe ka duba. Buɗe murfin zuba mai ka haska fitilar waya. In ka ga ƙarfe ruwan zuma, bismillah. In ka ga baƙin abu kamar kwalta ya dunƙule, dakata, ka sa a duba washar da ke ƙarƙashin nozul, don a injinan dizal na Toyota irin naka, waɗanda ake kira D-4D, in ta fara sakin hayaƙi, mai yakan dunƙule har ya toshe rariyar famfon mai, kuma babu man da zai magance wannan. Cewa ba a komawa kuwa ba gaskiya ba ne. Suna gauraya lafiya, semi ma ai gaurayen ne. In mai ya yi ƙasa a Buipe, 15W-40 kawai ka samu, zuba abinka ka wuce. Ba ka kuma buƙatar ruwan wankin inji kafin ka sauya.

Yanzu aksul, inda na fi so ka ba ni hankalinka, don shi ne wurin da muka fi zalunta. Tulun nan da ke tsakiyar aksul na baya ba shi da filta, ba shi da fanka, ba shi da lagireto. Haƙoran da ke cikinsa ba turin juna kawai suke yi ba, gogar juna suke yi, kuma duk nauyin buhunan nan a kansu yake ƙarewa. Ka taɓa tulun bayan tafiyar Tamale, kusan kilomita 380, ka ji ko hannunka zai zauna. Minaral 80W-90 ko 85W-90 yana aikin, amma da zafi ya daɗe a kansa sai ya yi baƙi ya rasa ƙarfi. Sintetik 75W-90 ya fi riƙe jikinsa. Kuma dalilan da suka sa na yi jinkiri a kan inji babu su a nan: babu kunkunniya, man 'yan litoci ne, juyen kuma sai bayan kilomita 40,000 ko makamancin haka. Ƙarin kuɗin in ka raba shi a kan tafiyar, bai kai abin da kake ba yaran lodi ba.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, ya zama GL-5, shi ne mai sinadarin farar wuta da ke hana haƙora cin juna, shi ya sa yake warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kada kuma ka ce tunda ya rage bari a ƙarasa shi a giyabos sai littafi ya yarda, don wasu giyabos GL-4 suke so saboda zobban tagulla da ke cikinsu. Na biyu, ka san ko aksul ɗinka mai LSD ne, wato irin wanda ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai in ta samu santsi. Duba ko akwai takarda a manne a jikin tulun. In ta goge, a ɗaga tayoyin baya biyu, giya a furi, an sa waigi a na gaba, ka juya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, LSD ne, sai man da aka rubuta wa LS, in ba haka ba za ka riƙa jin gurnani da karkarwa a kwana. In ta juya baya, na gama-gari ne.

Abu ɗaya da sintetik bai fi minaral komai a kansa ba shi ne ruwa. Wata damina na ratsa ambaliya a nan Aboabo, ruwa ya kai rabin taya, aksul da zafinsa. Bayan mako biyu na kwance notin ƙasa, abin da ya zubo kamar shayi da madara. Tulu mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta ɗan hancin numfashin da ke samansa. Mai irin wannan, ko jiya ka zuba shi, ko nawa ka saya, zubarwa za a yi.

Ranar aikin, ka ɗan zaga da motar ta yi ɗumi, ka ajiye ta a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu ka sa waigi. Hilux tana da tsayi, ba sai an ɗaga ta ba, kuma kada yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A aksul, notin zubawa na sama shi ake fara kwancewa, da sifana 24. In ka fara da na ƙasa mai ya tsiyaye, sannan na sama ya ƙi motsi, ka zaunar da motarka. Notin ƙasa yana da mayen ƙarfe a bakinsa, ka duba shi da kyau: laushin gari mai toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne, goge shi. In ka ji ɓarɓashi yana sukar yatsa, haƙori ko boris ya fara ci, sai makaniki. Da famfon hannu ko gora da tiyo ake ɗura sabon, har sai ya fara dawowa ta bakin ramin. In motar mai jan tayoyi huɗu ce, akwai tulun gaba da akwatin raba ƙarfi, su ma suna jiran nasu. A inji, notin juye na sifana 14 ne, sa sabuwar washa, shafa mai a robar filta, ka ɗaure ta da hannu. Tayar da mota minti biyu, kashe, jira kaɗan, sannan ka auna geji.

Saura inda za ka saya. Jabu ya fi yawa a mai tsada, don nan ribar take. Na taɓa sayen galan a wani shago da araha ta ruɗe ni, sai a gida na lura zoben murfin a yanke yake an liƙe shi da gam, man kuma yana ƙaurin wanda ya taɓa shiga inji. Minaral na gaskiya da aka haɗa a Tema ya fi irin wannan sau dubu. Je gidan mai na GOIL ko TotalEnergies ko Shell, ko wurin dilan da aka sani, a buɗe kwali a gabanka, ka karɓi rasit. Galan ɗin da ka gama da shi ka huda gindinsa kafin ka yar, don shi masu jabu ke bi suna saye. Tsohon man kuma a tara shi a jarka a mayar gidan mai ko garejin da ke karɓa, kada a tuttule shi a kwata, don daga kwatar unguwa rafin Aboabo yake gangarawa.

Bayan juyen farko, ka riƙa zaro geji kowace safiya har mako biyu, kwalin nan kuma ya ci gaba da kwana a ƙarƙashinta. Allah ya tsare hanya, Alhaji.