Wata takwas ina tuƙa BYD Atto 3 a Kano, ga abin da na gani

Tun ranar da na shigo da motar lantarkin nan unguwa ban ƙara samun sakat a majalisa ba, kullum bayan isha'i sai an tayar da maganarta, wani ya ce asarar kuɗi na yi wani ya ce shi ma da yana da hali da tuni ya saya, to shi ne na ce bari dai in zauna in rubuta abin da na gani da idona, don da yawan masu musun nan ko sitiyarinta ba su taɓa riƙewa ba.

Abin da ya tura ni ba wani abu ba ne illa fetur. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa mun sha ta sama da 1,000, ni kuma aikina yawo ne cikin gari, daga gida zuwa shago, kai yara makaranta, ɗauko su, a rana ina cin kilomita 50 zuwa 60, tsohuwar 'yar Kwatanon da nake hawa ta koma tamkar wata matar da nake ciyarwa.

Motar ita kanta wallahi ba ni da abin cewa sai alheri. Ba ƙara, ba jijjiga, ba canjin giya, kana taka totur take tafiya ba ta jiran komai, masu ita sun ce tana kai gudun 100 cikin daƙiƙa 7.3 kuma na yarda don na ga yadda take fita a danja. A gosulon Kofar Nasarawa ko na Bata nan ne za ka san ka huta, esi na aiki kana zaune ba ka tunanin lagireto zai tafasa ko mai na ƙonewa a banza. Sikirin ɗin tsakiya yana juyawa tsaye ko kwance, ƙofofin kuma an ɗaura musu wasu igiyoyi kamar tsirkiyar garaya, yara sun fi kowa son wannan, ni dai bai dame ni ba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne ana iya jan wuta daga jikinta, akwai wata waya da ake sokawa a bakin cajin sai ka jona fanka da firji da fitilu, daren da zafi ya matsa kuma babu wuta da ita muka kwana.

To sai maganar da aka fi yi min, wai ina za ta kai ka. Batirinta yunit 60 yake ɗauka da ɗan ɗoriya, irin yunit ɗin nan dai da kake saye a mita, kuma a takarda an rubuta kilomita 420 bisa gwajin Turai da ake kira WLTP. Wannan gwajin ba a zafin Afrilun Kano ake yin sa ba, kuma duk motar lantarki haka lissafinta yake ba ita kaɗai ba. Ni abin da nake samu cikin gari da esi a kunne wajen 350 ne, wato sai in yi kwana biyar ko shida ban neme ta da caji ba. Amma a babban titi labari ya sha bamban, kuma nan ne mutane ba su gane ba, motar fetur ta fi shan mai a cikin gari, ita kuwa wannan a gudu take shan wuta, saboda iska ce ke tare ta, kuma cikin gari duk lokacin da ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki tana mayar da wani abu cikin batir, a hanya kuwa babu wannan.

Na gwada da kaina ranar da muka je Zariya ta'aziyya gidan Kawu. Na tashi da batir kashi 100 cif, na sake ta a gudun 120 tun daga Kura har Kwanar Dangora har Tashar Yari, muna isa na duba na ga 52. Gabana sai da ya faɗi don komawa ma tafiyar kilomita 160 ɗin nan ce ke jirana. Na ce Kawu don Allah a taimaka min da soket, ya ce ɗana ga shi nan a zaure, Allah dai ya sa su bar ta, muka jona, awa biyu aka ɗauke wuta, abin da ta samu bai wuce 7 ba. Da za mu dawo sai na riƙe ta a 85 ban wuce ba, manyan motoci ma suna wuce ni, amma na shigo gida da 20 a ajiye. A nan na koyi cewa ƙafarka ce rabin batirin. Duk da haka ba zan ɓoye ba, Kano zuwa Abuja ban taɓa gwadawa da ita ba kuma ba ni da niyya yanzu, in tafiyar ta taso motar Yaya nake ara.

Caji shi ne ainihin maganar, ba nisa ba. In soket ɗin gida na yau da kullum za ka jona, daga babu zuwa cika sai ta yi kusan awa 30, wannan ba abin yi ba ne sai dai ƙari kaɗan-kaɗan. Da akwatin caji na bango mai kilowat 7 kuwa awa tara zuwa goma ne, ka jona da dare ka tashi da safe ta cika, amma fa sai in akwai wutar, kuma sai wayarin gidanka zai iya ɗauka, ni sai da na kira mai gyaran wuta ya ja mata layinta daban da waya mai kauri da at, wato wayar ƙasa, mai kyau, kada wanda ya yi wasa da wannan don gobara ba ta sallama. Layinmu Band A ne, waɗanda aka ce za a ba su awa 20 a rana, a Afrilun 2024 aka kai yunit naira 225 daga baya aka sassauto wajen 209. In na lissafa har da wutar da ke salwanta wurin caji, kilomita 100 tana cin min abin da bai kai naira 4,000 ba, tsohuwar kuwa lita 10 take sha da esi, ko a 900 ka saka lita ai 9,000 ke nan. Ga ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba fuwal famfo. Wannan ribar gaskiya ce ina ganinta a aljihuna duk wata.

Amma ban manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Da a ce a irin wannan lokacin wutar gwamnati kaɗai ka dogara da ita to motarka ta zama kujera. Shi ya sa na ƙara fanel a kan solar gidana na canza inbata babba, ranar da ba na fita da wuri sai in bar ta ta sha rana daga ƙarfe goma zuwa uku, wannan kawai yana mayar min da abin da na ci jiya. Wanda yake gidan haya ko layinsu sai a yi kwana biyu ba a kawo ba, ni ba zan ba shi shawarar ya saya ba, ko da kuwa kuɗin na aljihunsa. Wuraren caji na kan hanya kuwa har yanzu da sauranmu. Tun 2021 NADDC, hukumar gwamnati mai kula da harkar ƙera motoci, lokacin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt ta Amurka, ta kafa tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, abu ne mai kyau, amma abin da matafiyi ke buƙata shi ne ya san in ya tsaya cin abinci a Zariya ko Kaduna akwai injin caji mai sauri da ke aiki, yadda ya san akwai gidan mai.

Wani dare Alhajin da muke zama a ƙofar gidansa, wanda ya shekara talatin yana sayar da kayan gyara a Kofar Ruwa, ya kawo maganar da ta fi duk ta sauran nauyi. Ya ce kai yaro, masu ƙera motocin nan asara suke tafkawa, in kamfanin ya rufe gobe wa zai ba ka kaya? Na ce ranka ya daɗe rabin maganarka gaskiya ce. Ford da bakinsu sun bayyana cewa sashensu na lantarki ya yi asarar dala biliyan 4.7 a 2023, ya ƙara 5.1 a 2024. Fisker na Amurka ya durƙushe a Yunin 2024 ya bar masu motocinsa suna haɗa ƙungiya don neman kayan gyara, a Sin ma WM Motor ya faɗi a 2023. Tesla ita kanta da aka kafa a 2003 sai a 2020 ta fara cin ribar shekara cikakkiya, dala miliyan 721, kuma a shekarar abin da ta samu daga sayar wa wasu kamfanoni takardun izinin hayaƙi ya haura biliyan 1.5, ka ga ba don wannan ba da ribar ba ta fito ba.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. BYD asalinsa kamfanin batir ne, a Shenzhen aka kafa shi a 1995 yana yin batiran waya, sai a 2003 ya shiga harkar mota, kuma tun Maris na 2022 ya daina ƙera mota mai fetur zalla. Batir shi ne abu mafi tsada a motar lantarki, su kuwa da kansu suke yin nasu ba saye suke ba, shi ya sa inda wasu ke asara su a 2024 ribarsu ta kai yuwan biliyan 40, kuɗin shigarsu ma ya wuce na Tesla a shekarar. Ban ce ba su da damuwa ba, yaƙin karya farashi da ake yi a Sin yana cin ribar kowa, Amurka ta ɗora wa motocin lantarkin Sin haraji kashi 100, Turai ma ta ƙara nata. Amma ni wannan lissafin na yi kafin in saya, kuma ina ganin duk ɗan arewa ya kamata ya yi shi fiye da Bature ma, don mu mota sai ta yi shekara goma sha biyar a hannu ta koma wurin ƙani. Yanzu ana shigo da wasu ƙananan motocin lantarki masu araha da sunayen da ba ka taɓa ji ba, ina roƙon mutane su bincika wa ya ƙera, yana da wakili a ƙasar nan, garantin batir shekara nawa ne kuma a rubuce yake, kafin a zuba kuɗin gumi.

Alhaji dai bai sauka daga kan bakansa ba, ya ce sai ranar da ya ga kayanta a kan tebur a Kofar Ruwa, kuma ban ga laifinsa ba. Taya da birki da shokozoba kowane bakanike zai taɓa, mai faci ma aikinsa na nan, safeya ce dai na saya na ajiye a but don yawancin motocin lantarki ba sa zuwa da ita. Abin da ya shafi batir ne ke son wanda ya koya. Akwai wani yaro riwaya a bakin layinmu, hannunsa na da kyau sosai, ya roƙe ni in buɗe masa bonet ya gani, na buɗe na nuna masa wayoyin nan masu ruwan lemo na ce duk abin da za ka yi kada ka taɓa waɗannan, wutar da ke ciki ta kai wajen bolt 400, kisa take. Na ba shi labarin Mustapha Gajibo na Maiduguri da ya fara da cire injin ƙananan bas yana saka musu batir. Tun ranar duk Asabar sai ya zo da littafinsa da biro ya zauna kusa da motar yana kallon bidiyon gyaranta a waya yana tambayata, abin da na sani in faɗa masa.