Gilashin karatu da na kwamfuta: wanne ya dace da kai?

Da zarar shekaru sun haura 40, sai ka ga mutum yana nesanta waya da fuskarsa kafin ya karanta saƙo, ko ya kira yaro ya zura masa zare a allura. Ƙwayar cikin ido ce ta fara tauri, ganin kusa ya soma yi mata wuya.

Gilashi mafi araha shi ne na 'yan tire, mai lamba +1.50 ko +2.00. Yana biyan buƙata a kan littafi, wato tazarar santimita 35 zuwa 40. Amma allon kwamfuta yana can santimita 50 zuwa 70, sai ka dinga ranƙwafawa kan tebur. Ga shi ƙarfinsa ɗaya a ido biyu, alhali ba kowa ne idanunsa suke daidai ba.

Mai layi a tsakiya kuwa, sama na nesa ne, ƙasa na kusa. Allo ba shi da rabo a ciki.

Marar layi, wanda Bernard Maitenaz ya fito da shi a Faransa a 1959 da sunan Varilux, ƙarfinsa na ƙaruwa ne sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa. Da shi za ka yi tuƙi, ka duba waya. Sai dai gurbin kwamfuta a cikinsa siriri ne, gefe-gefensa dishi-dishi. Shi ya sa za ka ga akawu ya ɗaga haɓa yana laluben rubutu, kafin la'asar wuya ya ƙage.

Ga mai wuni gaban allo, ni dai na ofis nake zaɓa masa. Shi ma marar layi ne, amma an faɗaɗa gurbin allo da na takarda, an haƙura da nesa. Kada ka kuskura ka hau titi da shi.

Akwai kuma mai maɓallin murzawa a gefe, wanda kake daidaita ƙarfinsa da kanka. Na wucin gadi ne, ba ya gyara idon da zagayensa bai daidaita ba.

Kafin ka je a auna maka gilashi, ari tef ɗin tela ka auna daga idonka zuwa allo, a zaman da ka saba, ka faɗa wa likitan ido. A fara daidaita firem a kan hancinka, sannan a ɗiga alama saitin kowane ido daban, domin kuskuren milimita kaɗan ya isa ya ɓata marar layi. Guji firem siriri, ba ya barin gurbin karatu. Tunda ka zo, sa a duba maka hawan jinin ido, shi da ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.