Debian ko Ubuntu Server: wanne ya dace da sabar kanti a Maraɗi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsakanin Debian da Ubuntu Server, a kan tsohuwar kwamfutar da kake son mayarwa saba, wato kwamfutar da ke riƙe wa sauran bayanai, don lissafin kanti da takardun ofis, ka sa Debian. Na faɗa maka tun farko, in kana da lokaci ga dalili.

Su biyun nau'o'in Linux ne, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kuma gida ɗaya ne. Debian ce uwa, Ian Murdock ya kafa ta a 1993, kuma har yau ƴan sa-kai ne ke riƙe da ita, ba kamfani ba. Ubuntu ta fito a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, kuma da kayan Debian ake gina ta. Da apt ake sa manhaja a duka biyun, systemd ke tayar da ayyuka a duka biyun, mafi yawan abin da ka koya a ɗaya zai yi maka aiki a ɗayar. Saboda haka gardamar wacce ta fi ƙarfi ɓata baki ne. Abin dubawa a garin nan shi ne wacce za ta fi ba ka sauƙi ranar da kuran ya ɗauke ana tsakar aiki, forfenka ya kusa ƙarewa, ga Alhaji mai kanti tsaye a kanka yana jiran rasit.

Ina da wata saba da nake kula da ita a wani kantin siminti da kwano a unguwar Zariya. Ƙaramar Dell OptiPlex ce mai RAM giga 4, tana ƙarƙashin teburin mai lissafi, tana riƙe da Samba don raba takardu tsakanin kwamfutocin ofis, da rumbun bayanai na MariaDB don manhajar kaya. Da Debian 11 na fara ta. Da 12 ta fito a watan Yunin 2023 ban goge komai ba, na canza bullseye (sunan 11) zuwa bookworm (sunan 12) a cikin sources.list, fayil ɗin da ke nuna wa apt inda zai ɗauko manhaja, na bar ta ta hau da kanta, washegari ma'aikata suka buɗe kanti ba wanda ya san an taɓa wani abu. Wata rana da bazara kuran ya ɗauke, batirin UPS, akwatin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ya riga ya gaji, kafin a tayar da gurup ta mutu tana cikin rubutu a diski. Da aka kunna sai ta tsaya a baƙin allo. Ina Tibiri lokacin, yaron kanti ya kira ni murya na rawa, wai komai ya tafi. Na ce ya karanta mini layin ƙarshe harafi-harafi. Ya ce an rubuta initramfs, a sama kuma an ambaci /dev/sda2. Na ce ya rubuta fsck -y /dev/sda2, ya bar rubutun da ke gudu ya gama, sannan ya rubuta exit. Kafin in ajiye waya na ji mai lissafi daga nesa yana cewa ta dawo. Yaron nan bai taɓa ganin Linux ba sai ranar.

Don kada a ce na yi son kai, wannan gyaran haka yake a Ubuntu, tunda kayan aikin ɗaya ne. Abin da ya sa hankalina ke kwance da Debian shi ne abin da ya biyo baya. Da na shiga ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, da dare na duba ayyukan da ke gudana, jerin bai cika allo ɗaya ba, kuma kowanne na san dalilinsa, domin ni na sa shi. Sabuwar Debian da ba a ɗora mata allon hotuna ba ko mega 300 na RAM ba ta ci. Ba ta sauko da komai daga intanet sai ka umarce ta. Na rubuta journalctl -b -1, wato rahoton tashin da ya gabata, na ga daidai mintin da wuta ta yanke da abin da MariaDB ke yi a lokacin. In abu ya lalace a irin wannan na'ura wuraren dubawa kaɗan ne, kuma wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce ga wanda shi kaɗai ne injiniya, shi ne mai gadi, shi ne kuma ake kira ƙarfe goma na dare.

Ubuntu kuwa, to, tana aiki. Nau'inta na LTS, wato mai dogon tallafi, na fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, da tallafin shekara 5, wanda ke kaiwa 10 in ka yi rajistar Ubuntu Pro, kuma kyauta ne ga mutum har na'ura 5. Darussanta sun fi yawa a YouTube, da Faransanci da Turanci, wannan ba musu. Amma an tsara ta ne da tunanin intanet ba ya yankewa kuma ba a lissafin mega. Fayil ɗin saka 24.04 ya haura giga biyu da rabi, ƙaramin na Debian bai kai giga ɗaya ba. Tana zuwa da sabunta kai a kunne, ga snapd mai kula da wasu manhajoji na dabam, ga cloud-init wanda don manyan rumbunan haya aka yi shi, kamar mutumin da ka gayyata shi kaɗai ya zo da ƴan rakiya, kowa sai an ba shi tabarma. Saitin adireshin IP a netplan yake, fayil ɗin da tazara ɗaya in ta kauce sai ya ƙi karɓuwa. In ta tashi ba ta samu hanyar sadarwa ba, misali ta riga ruta tashi bayan ɗaukewar wuta, tana iya tsayawa jira har minti biyu. Kuma in ka bi zaɓin da ta kawo na raba diski da LVM, ko diskinka tera ɗaya ne giga 100 kawai take ba tsarin, sauran sai ka ƙara da lvextend, abin da mutane da yawa ba sa lura sai ranar da aka ce wuri ya cika. Duk waɗannan suna da gyara. Sai dai me zai sa ka fara da kashe abubuwan da ba ka nema ba?

Debian ma tana da halayenta, gara ka san su kafin ka zage ni. Wajen sakawa za ta nuna maka jerin abin da za a ɗora, kuma allon hotuna na GNOME a zaɓe yake zuwa. Cire shi, ka bar SSH da kayan tsarin na asali kawai. In ka ba root, wato babban mai iko da na'urar, kalmar sirri, ba za ta sa maka sudo, umarnin aron ikon root, ba, in ka bar wurin fayau sai ta sa sudo ta ba mai amfani na farko. In za ka koma root ka rubuta su - da ƴar sandar nan, in ba haka ba za ka rubuta umarni irin su fdisk ta ce ba ta san shi ba, alhali yana nan. In da babban fayil ɗin DVD ka saka ta don gudun cin forfe, ka tuna ka rufe layin cdrom a sources.list, in ba haka ba apt zai yi ta neman faifan da ba ya nan. Manhajojinta kuma ba sababbin fitowa ba ne, da gangan ake daskarar da su, gyaran tsaro kawai ke shigowa. Ga mai son sabon yayi wannan aibi ne, ga sabar kanti kuwa shi ake nema. Tsohon kukan da ake yi da ita na rashin gane katin sadarwa ya ragu sosai tun daga 12, da aka fara haɗa firmware, ƴar manhajar da irin waɗannan katuna ke buƙata, a fayil ɗin sakawa. Yanzu 13 ce a kai, mai suna trixie, ta fito a watan Agustan 2025, tallafinta wajen shekara 5 ne in an haɗa da na LTS. Ita za ka ɗauka, muddin na'urarka mai 64-bit ce, domin an daina fitar da mai sakawa na 32-bit.

Na san wani zai shigo ya ce Rocky Linux ko AlmaLinux. Su ne suka maye gurbin wani nau'in Linux mai suna CentOS bayan da kamfanin Red Hat ya sanar a Disambar 2020 cewa CentOS 8 zai tsaya ƙarshen 2021, sannan CentOS 7 ya cika a 30 ga Yunin 2024. Tallafinsu shekara 10, kuma in kana neman aiki a banki ko kamfanin sadarwa ka koye su, za su yi maka rana. Amma Rocky 10 ba ya tashi a kan Intel da ya girmi ƙarni na huɗu, kuma ranar da SELinux, tsarin tsaron da ke cikinsu, ya hana Samba karanta wani kundi ba tare da ya gaya maka a fili ba, za ka yini kana zargin waya. Ba na wannan aikin ba ne.

Ko wacce ka sa, ba Linux ke kashe saba a Maraɗi ba, wuta ce da zafi da ƙura. Ka nemi UPS mai ramin USB, ka haɗa shi da kwamfutar, ka sa nut ko apcupsd, ta yadda in batir ya kusa ƙarewa za ta rufe kanta cikin mutunci. A BIOS, allon saitin kwamfutar kafin tsarin ya tashi, ka kunna zaɓin da ke sa ta tashi da kanta in wuta ta dawo. Ka canza ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, tun ranar farko: in ya mutu agogo na komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, sai apt ya ƙi aiki yana cewa lokacin fayil bai yi ba tukuna, ka yi ta neman matsala a intanet alhali kwanan wata ne. In ka sa diski na waje a /etc/fstab ka ƙara masa nofail, in ba haka ba ranar da wani ya zare shi don caja waya sabar ba za ta gama tashi ba. In wuta ta yanke kana tsakar sabuntawa, dpkg --configure -a sannan apt -f install, kafin komai. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 kada ka kulle ta a kabad, ka ɗaga ta daga ƙasa, bayan hunturu kuma ka buɗe ka hure ƙurar fanka. Sannan kowane dare cron, mai tayar da aiki a lokacin da ka sa masa, ya fitar da kwafin rumbun bayanai da mariadb-dump (tsohon sunansa mysqldump), rsync ya kai shi wani diski dabam, kuma lokaci-lokaci ka gwada mayar da shi ka ga da gaske yana buɗewa.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma tunda na ji kamar ba ka gama sayen kayan ba, ka yi hattara da wasu masu sayarwa, na nan gida da na tsallaken iyaka. Akwai masu gaskiya da yawa, akwai kuma wanda zai goge tsohon diski ya sa a leda ya rantse maka sabo ne fil. Ka tafi da kile USB mai Linux a kai, ka tayar da na'urar a gabansa. Umarnin lscpu zai gaya maka ainihin abin da ke ciki, domin takardar i7 da ke manne a gaba kowa na iya manna ta. Sai smartctl -a a kan diskin: ka duba awowin da ya yi yana aiki da adadin wuraren da suka lalace aka sauya. Diskin da aka ce sabo ne ya nuna awa dubu ashirin, ka san ya yi fiye da shekara biyu yana juyawa dare da rana. Wasu ma sun iya goge wannan lissafin, don haka in ka kai gida ka sa masa dogon gwaji da smartctl -t long kafin wa'adin mayarwa ya wuce, kuma wa'adin a rubuta shi a rasit. Ka shiga BIOS ka tabbata ba kalmar sirri a kai. Kile da katin ajiya masu arha da aka rubuta musu girman ƙarya, f3 na tona asirinsu. UPS na hannu kuwa kusan kullum batirinsa ya mutu, ka sa kuɗin sabon batir a cinikin, ko ka ce a zare shi daga bango da kwamfuta a kai ka ga minti nawa zai riƙe.

Kada kuma a ruɗe ka da dogayen sabobin nan na ƙarfe da aka kwaso daga ofisoshin Turai, wai su ne na gaske. Ƙararsu ta cika ɗaki, suna shan wuta ninkin-ba-ninkin ƙaramar kwamfuta, UPS ɗinka ba zai riƙe su ba, kuma sun saba da ɗaki mai sanyi. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗin lasisin Debian ko Ubuntu, ƙarya yake, kyauta ne. Ladan aikinsa halal ne, a biya shi, amma ya miƙa maka kalmar sirrin root a rubuce kafin ya fita, domin akwai masu riƙe ta don kullum sai an neme su.

Wuri ɗaya ne zan ce ka sauka daga maganata: in mai manhajar lissafin ya rubuta cewa Ubuntu 24.04 kaɗai yake tallafawa, ka bi shi, don kada ranar matsala ya ce ba ruwansa. In ba haka ba, Debian 13, sabon SSD daga hannun wanda ka yarda da shi, tsohon diskin ya zama na kwafi. Kafin ka biya ko dala, turo hoton abin da lscpu da smartctl suka nuna mu duba maka.