Amfilifayar jitar bes ta ƙone: a gyara tsohon fanel ko a sa sabo?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, mai kaɗa jitar bes a wuraren biki a Samaru, ya ce amfilifayarsa ta yi ƙauri ana tsakiyar wasa, kuma tun daga ranar duk fiyus ɗin da ya sa sai ya tsinke. Wani mai gyara a Sabon Gari ya ce a canza tiransistocin da suka ƙone, wani kuma ya ce a cire fanel ɗin, wato allon da tiransistocin suke a kai, gaba ɗaya a sa na zamani, wanda ake kira Class D.

Malam, kafin ka zaɓi ɗaya, ka daina sa fiyus, musamman wanda ya fi na asali ƙarfi, domin tiransifoma ce za ta biya bashin. A cire wayar lasifika a auna lasifikar da mita: lasifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wutar lantarki) takan nuna kusan 3, idan kuwa ta nuna sifili ko ta ƙi nuna komai, ita ma ta tafi. Idan kana haɗa lasifika biyu masu om 4 a mafita ɗaya ta amfilifayar, nauyin ya koma om 2, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe amfilifayar da ba a ƙera ta don haka ba, balle idan ƙurar hunturu ta toshe fanka.

Gyaran tsohon fanel ya fi araha, kuma muryar da kunnenka ya saba da ita ba za ta canza ba. Sharaɗinsa shi ne haƙurin mai gyara, domin manyan tiransistoci irin 2SC5200 da 2SA1943 ba kasafai suke mutuwa su kaɗai ba; sukan tafi da ƙananan da ke tura su da rizistocin om 0.22 da ke ƙafarsu, kuma duk wanda aka bari a lalace zai sake ƙona sababbin cikin ƙiftawar ido. Jabun manyan tiransistocin ma sun cika kasuwa, shi ya sa nake so ka tsaya a kan inda za a saya. Ranar gwaji a haɗa ƙwan lantarki mai zare, na wat 100, a jere da wayar wuta, yadda wutar sai ta bi ta cikin ƙwan kafin ta shiga amfilifayar: idan ya yi haske ya dusashe, alama ce mai kyau, idan ya ci gaba da ci, akwai sauran aiki.

Sabon fanel ba ya ɗaukar zafi sosai kuma ba shi da nauyi, amma dole ƙarfin wutar da yake buƙata ya dace da abin da tiransifomarka take bayarwa, kuma idan ya lalace ba kowane mai gyara ne zai iya taɓa shi ba.

Ni dai gyara na zaɓar maka, muddin tiransifoma tana da rai kuma fanel ɗin bai zama gawayi ba, domin wurin da ya ƙone ƙurmus yana iya wuce da wuta ko an sa masa sababbin kaya. Idan ya kai haka, a sa Class D.