Kibod ɗin makanikal mara waya: wata bakwai ina taifin da shi a Katsina

Aikina taifin ne, ina da ɗan shago nan hanyar Dutsin-ma kusa da Poli, furojet ɗin ɗalibai da takardar neman aiki da katin ɗaurin aure duk ni ne, wata rana in zauna tun bayan azahar har isha'i hannuna bai sauka daga kan kibod ba. Shekara da shekaru irin na roban nan mai arha nake saye, in ya mutu in jefar in sake wani, har ƙanina da ke karatun kwamfuta ya zo hutu ya ishe ni ina danna harafin A da ƙarfi kamar mai kashe kunama, ya ce Yaya kai da kake cin abinci da wannan abun ai ya kamata ka sayi na makanikal. Na ce mishi mi ye kuma makanikal, ni ba gareji gare ni ba.

Bambancin dai shi ne na roba shimfiɗa ɗaya ce ta roba a ƙarƙashin maɓallan duka, sai ka danna har ƙasa kafin harafi ya fito, shi kau na makanikal kowane maɓalli da nashi suwic da ɗan sifirin a ciki. Zurfin dannawar kusan milimita 4 ne amma tun a wajen milimita 2 harafin ya riga ya shiga, ka ga ba sai ka dake shi ba. Kamfanin Cherry na Jamus ne ya yi suna da irin suwic ɗin nan, daga baya su Gateron na Caina suka shigo suna yin irinsu da sauƙin kuɗi, kuma da kala ake gane su, ja da ruwan ƙasa da bulu.

Nan na yi kuskurena na farko, kuma laifina ne ba na kowa ba. Na ga bidiyo ana danna mai bulu shina ƙas ƙas ƙas kamar tafiretan sakatariya na da, abin ya burge ni, na aika aka sawo mini wani mai arha daga Kano, ba zan faɗi sunan kamfanin ba. A shago ba laifi tunda ga janareta ga firinta ga hayaniyar 'yan Keke, amma ranar da na tafi da aiki gida ina taifin wajen ƙarfe ɗaya na dare mai ɗakina ta leƙo ta ce Malam don Allah ko dai kibod ɗin nan ya kwana a zaure ko ku kwana can tare, yaro ya farka sau biyu. Gaskiyarta ne wallahi. Ga shi maɓallai 61 ne kawai, babu na kibiya a fili sai ka haɗa da Fn, maɓallin da ke ba sauran maɓallai aiki na biyu, mai gyaran rubutu a Word kuwa kibiya ce rabin aikinshi. Wata biyu harafin E ya fara fitowa bibbiyu, suwic ɗin kuma liƙe yake da dalma ba ya ciruwa. Na ba yara suna wasan ofis da shi.

Karo na biyu na zauna na yi tambaya sosai, na tsaya tsakanin RK84 na Royal Kludge da Keychron K2, dukansu maɓallai 84 ne, akwai kibiya akwai layin F1 zuwa F12 amma babu ɓangaren lambobi na gefen dama. Shi RK84 hanya uku yake haɗuwa, Bluetooth da kebul da ɗan abin nan da ake sokawa a ramin USB. Ni K2 na ɗauka mai suwic ruwan ƙasa, kuma na nace sai irin wanda ake cire suwic ɗinshi da ɗan matsefi a sa wani ba tare da an kai wurin mai gyaran rediyo ba, don shi K2 ɗin iri-iri ne, ka tambaya da kyau kafin ka tura kuɗi.

Ruwan ƙasan nan shi ne daidai mai taifin a ganina. In ka danna za ka ji ɗan tudu a yatsa wanda ke gaya maka harafi ya shiga, ƙarar kuma ba ta kai ta bulu ba ko kusa. Na gwada ja wurin wani abokina mai buga gem, santsi gare shi ba tudu ko kaɗan, yatsana na ɗan hutawa a kai sai in ga jjjj ta cika layi. Su 'yan gem shi suke so, ni dai a'a.

Batir kuma, wanda shi ne abin da na fi tsoro saboda yadda ake ɗauke mana wuta, 4000mAh ne kamar na wata wayar. Fitilar ƙarƙashin maɓallan ce ke shanye caji, na kashe ta gaba ɗaya tunda ba kallon hannuna nake ba, ina yin sati biyu har fiye ban nemi caja ba, in ma ya yi ƙasa kebul ɗin USB-C ne irin na waya, in soka shi a laftof in ci gaba da aiki shina caji. Na'ura uku yake riƙewa, Fn da 1 laftof, Fn da 2 wayata, to in ɗalibi ya turo gyara ta WhatsApp da kibod ɗin nake ba shi amsa in koma Word ban ɗaga hannu ba. Wannan kam ban san ina buƙatarshi ba sai da na samu. In ka bar shi kamar minti goma yakan yi barci don tattalin caji, sai ka taɓa maɓalli ka ɗan jira ya farka, na saba yanzu.

Abu biyu da ba wanda ya gaya mini. Na ɗaya tsawo, irin waɗannan kibod ɗin sun fi na roba tudu sosai, satin farko wuyan hannuna ya yi tsami, sai na kai wa kafinta awo ya yanko mini ɗan katako ya goge shi sumul nake ɗora hannu a kai, shi ke nan ciwon ya tafi. Na biyu ƙura. Wanda ya san hunturun Katsina ya san abin da nake faɗi, ka share tebur da safe kafin la'asar ka rubuta sunanka a kai da yatsa, kuma tsakanin maɓallan nan a buɗe yake. Yanzu kullum in zan rufe shago sai na lulluɓe shi da tsohon ɗankwali, duk ranar Juma'a in ciccire hulunan maɓallan da ɗan ƙarfen da ya zo a kwalin in bi shi da burushin fenti busasshe. Kada ka kuskura ka ci ƙuli-ƙuli a kanshi, na yi sau ɗaya.

Sai maganar ƙ da ɗ da ɓ, don mutum uku sun tambaye ni ko shina da su. Babu kibod ɗin da na gani a kasuwa da ya zo da su a rubuce, wannan aikin kwamfuta ne ba na kibod ba. Ni a Word na shiga wurin Symbol na nemo kowane harafi na ɗaura mishi gajeriyar hanya, Alt da K ya ba ni ƙ, Alt da D ya ba ni ɗ, har alamar ₦ na yi wa haka, wasu kuma wata manhaja mai suna Keyman suke sawa a kwamfuta don ya yi musu aiki ko'ina ba a Word kaɗai ba.

Kuɗinshi ya ninka na roba sau da yawa, sai da na yi adashe kafin na iya. In lissafi kake yi a Excel yini guda kada ka bi ni, nemi mai ɓangaren lambobi, don ni ma ranar da aka kawo mini sakamakon jarabawar wata Islamiyya ɗalibi ɗari da wani abu sai da na jawo tsohon na roba daga ƙarƙashin tebur na kakkaɓe shi.