Sharhi kan yawon yini guda da ɗan jagora a tsibirin Zanzibar

Mun sayi wannan yawo ne daga ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu ajiye teburi a harabar otal-otal na Zanzibar, ni da Hajiya uwargidana da kuma Kawuna, wanda ya daɗe yana karantar da littattafai a zaurensa cikin garin Sakkwato. Takardar da suka ba mu ta nuna cewa da safe za a kai mu gonar kayan ƙamshi, daga nan a zagaya da mu tsohon garin Zanzibar, a tsallaka da mu tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, sannan a rufe da masallacin Kizimkazi da ke ƙuryar kudancin tsibirin. Wannan na ƙarshe ba ya cikin tsarin da suke sayar wa kowa. Mu muka nema saboda Kawu, suka ce sai an ƙara kuɗi domin wurin yana da nisa, muka ƙara ba tare da ciniki ba, kuma da dala muka biya. Duk wanda ya leƙa wurin 'yan canji a 'yan kwanakin nan ya san abin da hakan yake nufi ga mai samun naira.

Ƙaramar bas ɗin ta zo a kan lokaci, kuma ɗan jagoran da aka haɗa mu da shi matashi ne Musulmi mai ladabi, wanda yake jin Turanci sosai da Larabci daidai gwargwado, har Kawu ya samu abokin hira. A gonar ƙamshi kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Mutumin da ya tashi yana ganin kanumfari da masoro da kirfa a busasshe cikin tire a Tsohuwar Kasuwa ba zai taɓa zaton yadda suke a jikin itace ba. Kanumfarin da muke jefawa cikin kunu da yaji ashe tohon fure ne da ake tsinkewa tun bai buɗe ba, a shanya shi a rana har ya yi duhu. Masoro yaɗo yake yi yana hawa jikin wata bishiyar, kirfa kuma ɓawon itace ce, an kankaro mana shi a gabanmu ƙamshin ya cika wurin. Hajiya ta fi daɗewa a wajen gyaɗar ƙamshi, wadda aka fasa mata ɗanyarta ta ga jan zaren da ya naɗe ƙwallon. Jagoran ya bayyana mana cewa noman kanumfari ya bunƙasa ne a zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya maido da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen shekarar 1840, kuma bai ɓoye cewa bayi ne suka nome waɗannan gonaki ba. Ya ƙara da cewa a yau yawancin kanumfarin daga tsibirin Pemba yake fitowa. Da a nan aka tsaya, da na ce kuɗinmu ya biya.

Tsohon gari an ratsa da mu shi a gurguje. Mun ga ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, mun ga tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a 1698, mun kuma hango Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rushe a watan Disamba na 2020, saboda haka a lokacin daga waje kawai ake kallonsa. A harabar cocin da aka gina a kan tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, an saukar da mu wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da mutum ba ya iya miƙewa tsaye sosai a cikinsu, kuma na fito jikina a sanyaye. Wurin ya cancanci a ba shi lokaci mai tsawo, amma aka yi ta hanzarta mu, daga baya kuma aka tsayar da mu a wani shagon tsaraba fiye da yadda muka daɗe a can. Mun samu sallar azahar a wani masallaci na unguwar Malindi, kuma jagoran ne da kansa ya tuna mana, wannan ma ina yaba masa.

Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi shi ne kwale-kwalen da ya kai mu Changuu. Tsibirin yana da tazarar kilomita 5 da 'yan kai daga gaɓar tsohon gari, kuma an gaya mana tafiyar rabin sa'a ce. Lokacin da muka iso bakin ruwa, sai muka tarar kamfanin ya haɗe mu da wani ayari na daban da ba mu san da su ba, ana neman a zuba mu duka a jirgi ɗaya na katako mai inji a baya da rumfar tamfol. An yi mana lodi irin na motar da za ta Achida ranar kasuwa. Da na zauna na duba ƙarƙashin benci, sai na ƙirga rigunan kariya daga nutsewa guda 7, alhali mu da ke ciki mun kusa 20, har da yara biyu na wasu Turawa. Wasu daga cikin rigunan ma igiyarsu ta tsinke, soson ciki ya fito.

Na kira jagoran na nuna masa, ya yi magana da matuƙin da Sawahili, matuƙin ya yi dariya ya ɗaga hannu yana nuna cewa ba komai. Wannan dariyar ce ta fi ƙona mini rai. Mu mutanen Sakkwato ba labari aka ba mu game da haɗarin kwale-kwale ba. Mun ga abin da ya faru a yankin Shagari, inda yara da matasa suka fita neman itace ba su dawo ba, mun kuma ji na Goronyo, inda 'yan kasuwa suka nutse a hanyar cin kasuwa. A duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, abubuwa biyu ake ambata, lodin da ya wuce ƙima da rashin rigar kariya, ga su kuma duka biyun a gabana, a kan teku ba a kan gulbi ba. Daga cikinmu mu uku babu wanda ya iya iyo. Na ce a sauke mu, ko a kawo jirgi na biyu, ko a kawo riguna. Aka ce jirgi na biyu sai an biya shi daban, riguna kuma babu. Hajiya ta riƙe hannun rigata tana cewa, "Alhaji, don Allah mu haƙura da kunkurun nan." Kawu kuma, da ya ga mutane sun zuba mana ido ana ta ƙorafin muna ɓata lokaci, sai ya ce, "Ɗana, kada mu zama sanadin tsayar da jama'a, ka samar wa iyalinka riga ɗaya, mu yi bisimilla." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai kai ma sai ka sa." Da ƙyar na karɓo biyu masu ɗan dama, ni kuwa haka na zauna ba komai a jikina, kuma har yanzu idan na tuna cewa kamfanin da ya karɓi dalarmu shi ya jefa dattijo irin Kawu cikin wannan zaɓi, raina yana ɓaci.

Tafiyar zuwa ta zo da sauƙi. A tsibirin mun ga manyan kunkurun nan 'yan asalin tsibirin Aldabra, waɗanda asalinsu guda 4 ne aka kawo kyauta daga Seshels a 1919, wasunsu an rubuta musu shekarunsu a bayan ƙoƙo, kuma akwai waɗanda suka haura shekara 100. Mun ga ginin kurkukun da aka yi a shekarun 1890, wanda ba a taɓa tsare fursuna a cikinsa ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cutar shawara. Abin kallo ne, ba na musu, amma hankalina yana kan komawa, domin na lura iska ta fara kaɗawa daga kudu kuma ruwan ya canza launi.

A dawowa ne abin ya tsananta. Igiyar ruwa ta riƙa dukan gaban jirgin tana watso mana ruwan gishiri, tamfol ɗin ba ya tare komai, yaran nan suna ta kuka. Muna tsakiyar hanya injin ya yi tari ya mutu. Matuƙin ya yi ta jan igiyar tayarwa ba ta kama ba, jirgin kuma ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa, yana tangaɗi har ruwa ya fara taruwa a ƙafafunmu, yaron jirgi yana kwashewa da yankakkiyar jarka. Hajiya ta yi amai, ta sunkuyar da kai tana ta salati. Kawu bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja, amma na ga hannunsa yana rawa, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata. Babu na'urar kiran agaji a jirgin, babu inji na biyu, babu ko filafilin tuƙi na kirki, sai wayar hannu ta matuƙin da yake ta kira yana ihu. Mun daɗe a haka kafin wani jirgi da ya ajiye fasinjojinsa ya biyo ya jefo mana igiya ya ja mu zuwa gaɓa.

A nan dole in yi wa jagoran adalci, kuma saboda shi ne na so in sassauta hukuncina. Lokacin da injin ya mutu, shi ne ya cire rigar kariyar da ke jikinsa ya ɗaura wa ɗaya daga cikin yaran, ya dawo ya durƙusa kusa da Kawu yana riƙe da kafaɗarsa yana kwantar masa da hankali da Larabci. Da muka sauka shi ya nemo wa Hajiya shayi mai citta da kuɗin aljihunsa, ya ba mu haƙuri har idonsa ya ciko. Ya faɗa mini a keɓe cewa ba shi yake zaɓar jirgi ba, ofis ne yake ɗaukar wanda ya fi araha, kuma ya sha yin magana ba a ji ba. Na yarda da shi, na kuma yi masa ihsani kafin mu rabu. A daren nan har na ce wa Hajiya tunda Allah ya tsare, a bar maganar.

Sai dai washegari da na je teburin kamfanin, sai duk ɓacin ran ya dawo sabo. Domin jinkirin da aka yi a bakin ruwa da kuma mutuwar inji sun cinye la'asar gaba ɗaya, Kizimkazi kuma tafiyar sama da sa'a guda ce a mota, saboda haka ba a kai mu ba. Wannan masallacin shi ne dalilin da ya sa Kawu ya yarda ya bar ɗalibansa ya biyo mu. A bangon alƙiblarsa akwai rubutun Kufi, wato tsohon salon rubutun Larabci, mai ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, kimanin shekara 700 kafin Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, kuma ko da yake an sake gina yawancin masallacin a ƙarni na 18, rubutun yana nan. Kawu ya so ya tsaya a gabansa ya karanta da idonsa, ya yi nafila, ya koma ya ba almajiransa labarin yadda Musulunci ya daɗe a wannan gaɓar ta Afirka. Tun muna gida yake maganar, har ƙaramin littafin rubutu ya sako a aljihun rigarsa don ya kwafo abin da zai gani. Bayan wahalar jirgin jikinsa bai ƙara yarda da doguwar tafiya ba, muka bar tsibirin bai gani ba.

Na nemi a maido mana da ƙarin kuɗin da muka biya domin Kizimkazi kawai, ban ma tayar da maganar sauran ba. Matar da ke kan teburin ta ce matsalar yanayi ce, kuma dokarsu ba ta maido da kuɗi idan yanayi ne ya hana. Na ce mata iska ba ita ta kashe inji ba, ba ita ta haɗa ayari biyu a jirgi ɗaya ba, ba ita ta tsayar da mu a shagon tsaraba ba. Ta ce za ta sanar da manaja. Abin da suka iya yi mana tayi shi ne ragi idan za mu sake sayen wani yawon a wurinsu, kuma shi ma na cikin ruwa ne, ga mutanen da suka kwana suna jin ƙasa tana juya musu. Ban ga alamar sun ɗauki maganar rigunan kariya da wani muhimmanci ba, domin da na wuce bakin ruwa da yamma na sake ganin jirgin nan yana lodi.

Ga 'yan uwa da ke shirin zuwa, gonar ƙamshi da tsohon gari sun cancanci kuɗinsu, kuma ana iya samun jagora mai lasisi a yi su ba tare da an shiga ruwa ba. Wanda yake son Changuu ya je da sassafe kafin iska ta tashi, ya ga jirgin da idonsa, ya ƙirga riguna kafin ya biya, kada kuma ya miƙa kuɗin duka tun farko kamar yadda tsarin wannan kamfani ya tilasta mana. Wanda kuma Kizimkazi ce a ransa ya ware mata yininta da motar haya, kada ya yarda a liƙa ta a ƙarshen wani tsari. Ni dai ba zan sake bin wannan kamfani ba, ba kuma zan tura musu kowa ba. Tun da muka dawo Sakkwato nake aika musu saƙo ta WhatsApp a kan kuɗin Kizimkazi, alama tana nuna sun karanta, amma har yau ba su ba ni amsa ba.