Gidan rainon yara a Ƙofar Kaura: tsarin lokaci da na kuɗi

Wata takwas ke nan ina kai ɗiyata wani gidan raino da ke unguwar Ƙofar Kaura a birnin Katsina, tun da hutun haihuwata ya ƙare na koma bakin aiki, kuma ganin yadda abokan aikina ke yawan tambayata tsarin wurin ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona. Gidan zama ne, ba makaranta ba. Mai gidan, wadda kowa ke kira Hajiya, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, ta ware falo ɗaya da rumfar tsakar gida domin yara, tana da mataimaka biyu, kuma ba ta karɓar yara fiye da guda 12.

Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 7:00 na safe, a tashi da 4:30 na yamma daga Litinin zuwa Alhamis. Ranar Juma'a ana tashi da 12:30, a watan azumi kuwa da 2:30. Wanda ya makara wajen ɗaukar yaro ana yi masa uzurin minti 15, daga nan sai ya biya naira 500 a kan kowane rabin awa. Da farko wannan sharaɗi bai kwanta mini ba, domin na ɗauka bai dace da zumuncin unguwa ba, har sai ranar da aiki ya riƙe ni, na kuma rasa napep, na iso biyar ta gota. Na tarar Hajiya ta goya ɗiyata tana tankaɗen garin tuwo, ɗaya daga cikin mataimakan kuma tana zaune a bakin zaure sanye da hijabinta, jaka a cinya, tana jiran in zo kafin ta kama hanyar gida. Da na miƙa kuɗin, Hajiya ta karɓa ta damƙa wa mataimakiyar a gabana, ta ce, "Ɗiyata, ni ina cikin gidana, wannan ita ce magariba za ta riska a hanya." Tun daga ranar ban sake jin nauyin tarar ba, kuma na lura cewa saboda wannan tarar ne ma'aikatan ba sa canzawa, abin da ke da muhimmanci ga jaririn da ke ƙyuya.

Kuɗin raino ya danganta da shekarun yaro. Jaririn da bai cika shekara ba naira 20,000 ne a wata, wanda ya fara tafiya 15,000, mai zaman rabin yini kuma 10,000. Dalilin bambancin a fili yake, domin mace ɗaya za ta iya lura da yara biyar masu wasa a tabarma, amma ba za ta iya rarrashin jarirai biyar da ke kuka lokaci guda ba. Iyaye ke kawo abinci da famfas da kayan canji, gidan kuma ke ba da kunun gyaɗa da hantsi. Ana biya a cikin kwana biyar na farkon wata, hannu da hannu ko ta banki, kuma duk biya sai an shigar da shi a littafi uwa ta sa hannu. Ga mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kuɗin jariri ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shigo masa, saboda haka ba zan ce da araha ba. Sai dai iyayen da suka riga ni sun shaida mini cewa ko a lokacin da kaya suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba ta yi ƙari ba sai da ta sanar da su wata guda kafin ya fara aiki.

Inda nake da ƙorafi shi ne batun rashin lafiya. Da damina zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ɗiyata kwana goma, amma na biya kuɗin wata cif. Hujjar Hajiya ita ce gurbin yaron yana nan a ajiye, albashin mataimaka kuma ba ya raguwa, kuma na yarda hujja ce mai ƙarfi. To amma ita da kanta ta shar'anta cewa kada a kawo yaro mai zazzaɓi ko gudawa ko alamar ƙyanda, kuma ina tsoron idan babu sauƙi ko kaɗan wata uwa za ta ɗura wa ɗanta maganin zazzaɓi da asuba ta kawo shi cikin sauran yara. A ganina, idan jinya ta wuce mako guda, ya kamata a yafe rabin kuɗin kwanakin. Haka kuma gidan ba zai yi wa ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ko mai shago da ke fita ranar Asabar amfani ba.

Na kai mata wannan magana ta jinya makon jiya. Ta saurare ni har na gama, ta rubuta a bayan littafin biya, ta ce za ta tara iyaye bayan Sallah a tattauna.